Bawul na Arba'in da Ɗaya

Shekara uku ke nan da jami'a ta sallami Baba Mai Ruwa. An ba shi takarda da agogon bango, aka ɗauke shi hoto yana murmushin da bai kai ciki ba. Amma sallamar ta takarda ce kawai. Da wuya a yi sati biyu ba a kira shi a waya ba, domin shi kaɗai ya san inda ruwan jami'ar yake bi a ƙarƙashin ƙasa.

Ga yadda abin yake. Jami'ar ta tsufa. Lokacin da aka gina ta a bayan gari take, gine-gine bakwai a tsakiyar fili. Daga baya birni ya taso ya kewaye ta, ya matse ta, har ya zama malamin da ke koyarwa a hawa na uku sai ya ɗaga murya saboda hon ɗin motoci. Da fili ya ƙare sai aka koma gini a kan gini. Filin ƙwallo ya zama ɗakin taro, lambu ya zama wurin ajiye motoci, aka shimfiɗa kwalta a kan ciyawa, wani wurin kuma aka dasa ciyawa a kan tsohuwar kwalta. Duk wannan bidiri da ake yi a sama, bututan ruwa suna nan kwance inda aka binne su tun farko, su da bawul ɗinsu, wato makullan ƙarfe da ake murɗawa a tsayar da ruwan layi guda in bututu ya fashe. A da akwai taswirarsu a sashen ayyuka. Wata shekara rufin ofishin ya yi yoyo, ruwa ya ci taswirar ruwa, gara ta ƙarasa abin da ya rage. Tun daga ranar taswirar ta koma kan mutum ɗaya.

Shi kuwa ba da mita ya riƙe su ba, da taku ya riƙe su. Tun yana saurayi mai ɗaukar akwatin kayan aiki ya auna kowane bawul da ƙafarsa, ya haddace. Daga kusurwar ɗakin gwaje-gwaje, ka fuskanci tankin ruwa, taku goma sha tara. Daga gindin mangwaron da ke bayan ɗakin kwanan mata, ka bi jikin katanga, taku takwas. In bututu ya fashe, ruwa ya malale hanya, manyan malamai suna tattare wanduna, sai ka ga an yi cirko-cirko ana jiransa. Ya zo da dogon makullinsa na ƙarfe na murɗa bawul a kafaɗa, ya tsaya, ya yi gyaran murya, ya ƙirga takunsa a fili kowa na ji, ya dungura ƙasa da makullin ya ce, “A tona nan.” Mutumin da ko sakandare bai gama ba, amma a wannan minti biyar ɗin babu farfesan da ya kai shi.

Gidansa ɗaki biyu ne a can ƙarshen birni, mota biyu ake shiga kafin a kai. Mai ɗakinsa ta rasu shekara guda kafin ya yi ritaya. 'Yarsu ɗaya tana aure a wani gari mai nisa, takan kira shi ranar Lahadi, ta tambaye shi ƙafa, ta tambaye shi ko yana shan magani, yara su karɓi wayar su yi masa surutu, shi ke nan sai wata Lahadin. Sauran kwana shidan shi ne da agogon bangon nan da bai taɓa yin latti ba. Yakan share ɗaki, ya dafa shayi kofi ɗaya, ya zauna a bakin ƙofa yana kallon masu zuwa aiki. Wayarsa kullum a cike take da caji, a aljihun gaba, inda zai ji motsinta a ƙirjinsa. Ba zan ɓoye masa ba, tunda shi ma bai ɓoye wa kansa ba: akwai safiyar da yakan tashi yana fatan bututu ya fashe. Yakan yi istigfari bayan haka, amma wayar ba ta barin aljihun.

Wata Talata wayar ta yi ƙara, sai ya ji muryar mace.

“Salamu alaikum, Baba. Ni ce sabuwar injiniyar sashen ayyuka. An ce in nemi Baba.”

“Ina ne ya fashe?”

“Babu inda ya fashe. So nake mu zauna.”

Ya sa rigarsa mai kyau ya tafi. Injiniya mace ce mai kimanin shekara arba'in, gajeriya, da takalmin aiki mai nauyi da ƙaramin littafi a hannu. Ta ba shi kujera, ta sa aka kawo masa shayi, sannan ta faɗi abin da ke tafe da ita ba tare da kwana-kwana ba. Tana son a sake zana taswirar. Su bi bawul ɗin ɗaya bayan ɗaya, a tono kowanne, a ɗaga bakinsa, a yi masa murfi, a rubuta masa lamba.

“Don kada mu riƙa wahalar da kai, Baba,” in ji ta. “Kana zamanka a yi ta taso ka cikin rana.”

Baba Mai Ruwa ya kurɓi shayi don ya sami abin yi da bakinsa. Ya gane sarai. Ranar da aka gama taswirar nan, ranar ce wayarsa za ta mutu. Ya so ya ce ƙwaƙwalwa ta tsufa, ya so ya ce a ba shi lokaci. Sai ta ƙara da cewa za a yi masa katin shiga, kullum ƙarfe takwas ya zo, su yi ta zagaye har su gama. Kullum ƙarfe takwas. Mutumin da ya shekara uku babu mai jiransa a ko'ina, ka ce masa kullum ƙarfe takwas, ai ka gama da shi.

“To, Injiniya,” ya ce. “Allah ya kai mu goben.”

Aikin sati biyu ne. Baba ya mai da shi na sati bakwai. Ranar farko suka yi bawul huɗu, ya koma gida ya lissafa, ya ga a haka sati biyu an gama, daga nan bai ƙara yarda an wuce biyu ba, wata ranar ma ɗaya. Kowane bawul sai da tarihinsa. Zai tsaya a gaban ginin koyon shari'a ya ce ai nan kududdufi ne da, har agwagi ke wanka. Zai nuna mata matattakalar da ba ta zuwa ko'ina a bayan ɗakin taro, ya faɗa mata ƙofar da take kaiwa kafin a toshe. Ya san benen da ke gumi da damina, ya san famfon da ke kuka in an buɗe na hawan ƙasa, ya san itacen da saiwarsa ta taɓa shaƙe bututu har ɗakin kwanan maza ya kwana uku babu ruwa, samari suka fito da bokitai suna waƙa.

“Baba, wannan duk a kanka yake?”

“Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, 'yata.”

Tana saurarensa, wannan shi ne abin. Ba sauraron ladabi ba, na gaske, har tambaya take yi. Wani lokaci ta tsokane shi, ta ce da an san haka da shi aka ba kujerar shugaban jami'a. Ya ce ai ya fi shugaban, don shugaba in ya tafi hutu babu wanda ke rasa wanka. In ya ƙirga takunsa ya dungura ƙasa, sai ta kafa ɗan turke a wurin, ta ce masu tono za su zo da yamma, ba sai ya tsaya a rana ba. Daga nan su tafi rumfar mai shayi da ke jikin katangar ɗakin cin abinci, ta saya masa burodi, ya yi ta ƙi, ya ci. Da ya koma gida barci yake yi mai nauyi irin na ma'aikaci. Ranar Lahadi in 'yarsa ta kira, yanzu shi ke da labari.

Amma komai jan da aka yi wa igiya tana da ƙarshe. Suka zo na talatin da takwas, suka zo na talatin da tara. Ranar da suka kafa turke na arba'in a bayan gidan janareta, Injiniya ta buɗe littafinta ta ce, “Saura nawa, Baba?”

Saura ɗaya. Akwai wani tsohon layi da ke ɗauko ruwa kai tsaye daga babban bututun birni, ya ratsa ƙarƙashin ciyawar da ke gaban tsohon laburare, ya shiga ɗakin ƙasa na ginin. Ba ya bin tanki, ba ya haɗuwa da sauran. Rabon da a taɓa bawul ɗinsa an fi shekara ashirin, waɗanda suka san da shi duk sun riga mu gidan gaskiya in ban da Baba. Baba ya dubi littafin, ya dubi yatsunta riƙe da biro. Ya ji kamar an ce ya miƙa mabuɗin ɗakinsa.

“Shi ke nan,” ya ce. “Arba'in ne cif.”

Ta rufe littafin, ta yi masa godiya har da rusunawa, ta raka shi bakin get da kanta. A mota yana komawa gida ya yi ta gaya wa kansa cewa ba ƙarya ya yi ba, ajiya ya yi. Layin da ya shekara ashirin bai yi tari ba, me zai same shi yanzu? In ma ya samu, ai ga waya, minti nawa ne. Ya dai bar wa kansa zare ɗaya ne da zai riƙe shi da wurin da ya ba shekara talatin da biyar.

Wata guda ya wuce, shiru. Wata biyu, shiru kamar an shuka dusa. Injiniya ta kira sau ɗaya ta gaishe shi, ta ce aiki ya yi kyau, ta ce sai ta zo, ba ta zo ba, kuma bai ga laifinta ba, mai aiki ce. Ya koma kofi ɗaya da bakin ƙofa. Sai dai yanzu zaman ya fi na da ciwo, don ya ɗanɗana ƙarfe takwas.

A wata na huɗu ya kasa haƙuri, ya sa rigar nan ya tafi ba tare da an kira shi ba. An canza masu gadi. Wanda ke bakin get ya juya katinsa gaba da baya ya ce ya daina aiki.

“Wurin wa ka zo, Baba?”

Ya buɗe baki, ya rasa sunan da zai kira. A ƙarshe ya ce banki zai shiga, aka bar shi. Ya bi hanyoyin a hankali, hannu a baya. Ko'ina ya duba sai ya ga murfin siminti mai shuɗin fenti, da lamba fara a kai: bakwai, goma sha biyu, ashirin da uku. An yi aiki mai kyau, wannan ba zai musa ba. A kusa da ginin lissafi ya tarar da bututu ya fashe, ruwa na tsiri. Ƙafarsa ta ɗauke shi da kanta, har ya fara gyaran murya. Kafin ya isa wani ma'aikaci ya sauko daga babur, ya duba takarda, ya ɗaga murfi mai lamba goma sha shida, ya murɗa. Ruwan ya kwanta. Ɗalibai suka ci gaba da wucewa, wasu ma ba su ɗaga kai daga wayoyinsu ba. Baba ya zauna a kan wani benci har aka fito daga darasi aka sake shiga, babu wanda ya ce masa sannu. Da ya koma gida ranar ko shayin bai dafa ba.

Wata na shida, wata Alhamis da misalin ƙarfe tara na safe, wayar ta motsa a ƙirjinsa.

“Baba, kana ina?” Muryar Injiniya ce, amma ba irin wadda ya sani ba. “Ruwa na shiga ɗakin ƙasa na tsohon laburare. Tun bakwai muke fama. Mun rufe na layin, mun rufe na tanki, mun rufe arba'in ɗin gaba ɗaya, jami'a duk babu ruwa, amma wannan bai tsaya ba. Masu ruwan birni sun ce sai la'asar za su iya zuwa. Baba, ko akwai abin da ka sani?”

Abin da ya fara ji daɗi ne. Daɗi tsantsa, har cikin ƙashinsa, irin wanda rabonsa da shi tun ranar turke na arba'in. Kunyar daga baya ta biyo, kuma ba ta kamo daɗin ba sai a hanya.

“Gani nan,” ya ce.

Ya ɗauko dogon makullin daga bayan ƙofa. Motar farko ta ƙi cika, ta biyu ta shiga cunkoso a kan gada ta tsaya cak. Yana zaune da ƙarfe tsakanin gwiwoyinsa, yana kallon mai sayar da ruwan leda yana ratsa motoci. Sai a nan ya tuna abin da ke ɗakin ƙasan. Kundayen bincike ne na ɗaliban da suka gama tun farkon jami'ar, masu baƙin bango da rubutun zinare, jere a kan kantoci daga ƙasa har rufi. Yawancinsu da tafireta aka buga su, kwafi ɗaya tak. Ya sha ganinsu in ya shiga duba bututu. Bai isa ba sai sha ɗaya ta wuce.

Gaban laburaren ya cika. Ma'aikata da ɗalibai sun yi layi daga matattakalar ɗakin ƙasa har waje, suna miƙa wa juna kundaye, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsu. An baje wasu a kan ciyawa. Injin zuƙe ruwa na ta ruri, amma abin da yake fitarwa bai kai abin da ke shiga ba. Shugabar laburaren, wata dattijuwa mai farin gilashi, tana tsaye zaninta jiƙe har gwiwa, tana cewa a fara da kantar ƙasa, alhali kantar ƙasa ta daɗe da nutsewa.

Aka buɗa masa hanya. Wani tsohon masinja ya gane shi ya ce, “Ga Baba Mai Ruwa nan, an gama.” Maganar ta bi cikin taron. Baba ya je kusurwar matattakalar gaba, ya sa diddigensa a jikin dutsen, ya fuskanci sandar tuta. Taku ashirin da bakwai. Wannan lambar ko a barci aka tashe shi zai faɗe ta. Ya yi gyaran murya, ya ƙirga a fili, mutane na binsa da ido, ya dungura ƙasa.

“A tona nan.”

Leburori biyu suka sa diga. Ƙasa ta yi ta fita, ja, busasshiya. Suka kai gwiwa, suka kai cinya. Babu komai.

“Ku faɗaɗa ta nan,” ya ce.

Suka faɗaɗa. Babu komai sai saiwa da wata tsohuwar kwalba. Ya koma kusurwar, ya sake sa diddige, ya sake ƙirgawa, wannan karon a hankali. Ya sake faɗowa bakin ramin nan dai. Ya ce ko sandar tutar aka matsar. Masinja ya ce tun zuwansa a nan take. Aka tona hagu, aka tona dama. Rabin awa ta tafi. Wani ɗalibi ya ce da abokinsa, ba da ƙarfi ba amma Baba ya ji, “Tsohon nan fa ya rikice.” Zufa ta jiƙa masa riga. Ya koma karo na uku, yana ƙirgawa, kuma a karo na ukun babu mai binsa da ido, kowa ya koma miƙa kundaye.

Injiniya ta zo ta tsaya kusa da shi, ta yi ƙasa da murya.

“Baba, taku nawa ne?”

“Ashirin da bakwai. Wallahi ashirin da bakwai ne, 'yata.”

“Na yarda.”

Ta buɗe littafinta, ta yi ɗan lissafi a gefen shafi. Ta ba lebura ɗaya bakin tef ɗin awo ya riƙe a kusurwar matattakala, ta ja shi ta nufi sandar tuta. Ta wuce ramin Baba, ta ci gaba, ta ci gaba, sai da ta yi nisan tsawon mota guda da wani abu sannan ta tsaya ta sa ƙafa.

“Nan.”

Diga ta huɗu ta yi ƙara a kan ƙarfe. Aka share ƙasa, ga kan bawul ya yi tsatsa. Baba ya zura makullinsa, ya kama da hannu biyu, ya murɗa. Ko gezau. Ya sake, har jijiyar wuyansa ta tashi. Leburan ya ce, “Kawo, Baba,” ba da raini ba, ya karɓa, su biyu suka haɗu suka juya shi yana kuka. Daga can cikin ginin wani ya ɗaga murya ya ce ruwa ya tsaya.

Mutane suka watse zuwa ga kundaye, aka bar su su biyu a bakin ramin. Baba yana kallon tazarar da ke tsakanin raminsa da nata.

“Yaya aka yi kika sani?”

Ta dubi littafinta.

“Takunka ne ya ragu, Baba. Ƙirgarka daidai take, ko sau ɗaya ba ta taɓa kuskure ba. Amma da ƙafar saurayi ka auna su. Yanzu taku huɗu na wancan lokacin sai ka yi biyar. Waɗanda ake yawan buɗewa idonka ne ke kai ka, ka saba da wurin. Waɗanda suka daɗe a binne kuwa, duk turken da muka kafa sai mun ƙara gaba muke samu. Tun satin farko na gane, na fitar da awon takunka na da, da shi na yi aiki.”

“Shi ya sa kike cewa in tafi inuwa.”

“Ban ga amfanin faɗa maka ba.”

Ya gyaɗa kai. Ashe abin da ya ɓoye ma ba a hannunsa yake ba. Lambar ce kawai tasa, ƙafar da za ta kai shi wurin ta daɗe da tafiya, tana cikin littafin wata. Da ya faɗi lambar nan wata shida da suka wuce, da yau murfi ne mai shuɗin fenti, da minti goma ya isa.

Injiniya ta juya shafi, ta rubuta wani abu, sannan ta ce ba tare da ta dube shi ba, “Akwai na arba'in da biyu?”

“Babu.”

“To.” Ta rufe biro. “Wannan ɗin mantawa ka yi, ko? Shekara ashirin ba wasa ba. Haka zan rubuta a rahoto.”

Ƙofa ta buɗe masa, faffaɗa, ya gani kuma. Ba abin da zai yi sai ya ce e. Amma ya shiga ta irin wannan ƙofar sau ɗaya a bayan gidan janareta, ya ga inda ta fitar da shi.

“Ban manta ba,” ya ce. “Ɓoye shi na yi.”

Sai yanzu ta ɗago ta dube shi.

“Don me, Baba?”

“Don a kira ni.”

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dube shi, ta dubi ciyawar da ta rufe da baƙaƙen kundaye tun daga matattakala har bakin hanya, idonta ya kawo ruwa, ta mai da shi. Ta sa littafin a aljihu ta tafi wurin masu injin. Har ta ɓace a cikin ginin ba ta waiwayo ba.

Ya kamata ya tafi gida, amma ƙafar ta ƙi. Ya ajiye makullin, ya durƙusa a gefen ciyawa inda wasu mata ma'aikata ke buɗe kundaye suna sa farar takarda tsakanin shafi da shafi. Babu wanda ya ce ya zo, babu wanda ya ce ya tashi. Ya ɗauki ɗaya. Ya yi nauyi kamar bulo, bangon ya kumbura. Ya sa farce ya ɗaga shafin farko a hankali, rabin shafin ya biyo yatsansa. Na biyu tawadar ta narke ta zama shuɗin gajimare, sai layi ɗaya a sama da ya tsira, inda mai kundin ya rubuta cewa ya sadaukar da aikin ga mahaifiyarsa. Ya ci gaba da ɗagawa yana sa takarda, shafi bayan shafi, ko da ya ga babu abin da ya rage da za a cece shi. Rana ta dawo tsakiyar ka, ta karkata. Gwiwarsa ta yi tsami, bai tashi ba.

Wajen la'asar inuwa ta faɗo a kansa. Shugabar laburaren ce, da kofin shayi a hannu, gilashinta duk tabon ruwa. Ta sunkuya da ƙyar ta ajiye kofin a gabansa.

“Baba, tun ɗazu nake nemanka. An ce tun daga ƙarshen gari ka taso.” Muryarta ta dushe saboda kuka da kiran mutane. “Kanta uku sun tafi, ba yadda za mu yi. Amma da ba don kai ba, da la'asar ɗin nan ba za mu fitar da ko ɗaya ba. Kowa ya rasa yadda zai yi sai da ka zo. Allah ya saka maka da alheri, Allah ya bar mana irinku.”

Injiniya tana tsaye ba nisa, tana naɗe tef. Ta ji, ya san ta ji. Ya jira ta yi magana, har ya ɗaga kai yana roƙonta da ido ta yi. Ta ƙarasa naɗe tef ɗinta, ta ce da leburori su kawo siminti gobe da safe, ta wuce.

“Sha mana, Baba, kada ya huce,” in ji dattijuwar.

Ya ɗauki kofin da hannu biyu. Shekara uku yana jiran a gaya masa irin wannan maganar, ga ta an gaya masa a gaban mutane, da shayi a kai. Ya kai kofin baki, ya sauke shi bai kurɓa ba. Tana tsaye a kansa tana jira, tana ta sa masa albarka, shi kuma ya rasa bakin cewa amin.